Amsa ga uwar da 'yarta ke son gudun daji

Hajiya, kin tambaya ko ya dace ki bar 'yarki mai shekara 15 ta riƙa gudu a hanyoyin bayan gari, alhali mahaifinta yana ɗari-ɗari da maganar mutane. A ganina ki bar ta, amma kada ta fita ita kaɗai. Yayanta ko ƙawayenta na lakwal su raka ta, su bi hanyar gonakin bakin Gulbin Maradi bayan sallar asuba, domin a watan Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 da rana. Gudu cikin rairayi yana gajiyar da ƙafa fiye da kwalta, ga ƙarangiya da ƙaya, saboda haka takalmi rufaffe wajibi ne, ta kuma fara da gajeren zango. Ki kula da abincinta ƙwarai, tun da jinin al'ada yana rage wa 'yan mata sinadarin ƙarfe: hanta, wake da zogale za su taimaka, idan kuma tana yawan jiri a kai ta likita. Dogon wando da hijabi mara nauyi sun isa sutura. Shi kuwa Alhaji, ki ba shi labarin Aminatou Seyni, 'yar Nijar da ta zo ta huɗu a tseren mita 200 na gasar duniya a Amurka a 2022.