Za mu hau Chappal Waddi a watan Agusta, yaya za mu yi da ruwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da abokaina uku mun shirya tafiyar ƙasa ta kwana biyar zuwa ƙololuwar Chappal Waddi a jihar Taraba, kowa da jakarsa a baya. Hutunmu ya faɗo a Agusta. Mun sayi rigunan ruwa da tanti. Me ya rage mana? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. In da hali, ku ɗaga tafiyar zuwa tsakanin Disamba da Maris. Agusta lokacin marka ne, kuma daminar yankin Gashaka da Mambila ta fi ta Zariya tsawo da nauyi, tana kamawa tun Afrilu har Oktoba. Ko fataken da, da suke da madugu da jakuna, sai ruwa ya ɗauke suke kama hanya. Amma na san halin matasa, don haka bari mu yi magana kamar tafiyar ba fashi.

Ku cire rai da cewa rigar ruwa za ta hana ku jiƙa. Mai hawan dutse da kaya a baya, in ruwan sama bai jiƙa shi ta waje ba, gumi zai jiƙa shi ta ciki. Jiƙar ba ita ce matsala ba. Abin da ke kashe matafiyi a damina biyu ne: sanyi da rafi.

Chappal Waddi tsayinsa mita 2,419, babu dutsen da ya kai shi a Najeriya, kuma duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6. Haɗa wannan da iska da jiƙaƙƙiyar riga, alhali ruwa ya fi iska saurin zuƙe ɗumin jiki sau kusan 25. Da zarar zafin jikin mutum ya sauka ƙasa da digiri 35, ya shiga haɗari. Yana farawa da rawar ɗari, sai hannu ya kasa ɗaure igiyar takalmi, sai magana ta fara harɗewa. Shi mai abin ba ya ganewa, zai ma rantse lafiyarsa ƙalau, saboda haka ku riƙa lura da juna. In kun ga alama ku tsaya nan take, a kafa tanti, a sauya masa kaya, a ba shi shayi mai zafi da sukari.

Wannan ne ya sa nake cewa kowa ya ware kaya kala ɗaya, riga da wando da safa, ya ƙulle a leda biyu, ba ya taɓa su sai zai kwanta. Da safe ya mayar da jiƙaƙƙun na jiya. Babu daɗi, na sani, amma wanda ya karya wannan ƙa'ida a rana ta biyu zai kwana a jiƙe har ƙarshen tafiya. Ku bar yadin auduga da jins a gida, suna shan ruwa su ƙi bushewa. Na ulu ko irin rigar 'yan ƙwallo sun fi. Cikin jakar ma a zura babbar leda kafin a loda komai, kuma nauyinta kada ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ita.

Rafi kuwa shi ne babban mayaudari. Wanda kuka gani iya idon sawu da safe, ruwan da aka yi can saman duwatsu, wanda ko ɗigonsa ba ku gani ba, zai iya cika shi cikin sa'a guda. In ruwan ya yi ja, yana ɗauke da itace, ko ya wuce gwiwa yana gudu, ku zauna ku jira. Rafin dutse yadda yake saurin cika haka yake saurin janyewa. In za ku ƙetare, ku kwance maɗaurin ƙugu na jaka, ku fuskanci inda ruwan ke fitowa, sanda a hannu, takalmi a ƙafa. Kada a ɗaura igiya a ƙugun kowa. Tanti kuma a kan tudu, nesa da bakin rafi.

Tsawa: ku ƙirga daƙiƙoƙi tsakanin walƙiya da ƙara, kowane uku kilomita ɗaya ne. In ba su kai 30 ba, ku sauka daga ƙololuwa, ku nisanci bishiyar da ke tsaye ita kaɗai.

Kowane dare a wanke ƙafa, a busar, a bar ta ta sha iska, domin ƙafar da ta kwana biyu a jiƙe fatarta na yin fari ta fara saɓulewa. Guzuri ku riƙe wanda ba ya buƙatar wuta, dabino, ƙuli-ƙuli, kilishi, garin kwaki, don itacen damina ba ya kamawa da daɗi, kuma ku ƙara na kwana biyu saboda jiran rafi. Ruwan sha a tafasa, a can sama minti uku.

Dutsen yana cikin gandun dajin Gashaka Gumti, a bakin iyakar Kamaru. Ku fara biyawa ta ofishinsu a Serti ku karɓi izini da ɗan jagora, ku tambayi halin tsaro da na hanya. In ya dubi sama ya ce yau ba a tafiya, ku sauke jakunkuna.