Daga ina zan fara sauraron kiɗan Barok?

Ɗan'uwa, ka tambaya me mutane suke ji a kiɗan Barok, wato salon Turai na tsakanin 1600 zuwa 1750, da kuma inda za ka fara. Shawarata ka fara da Vivaldi, limamin coci a birnin Benis na Italiya, wanda ya yi shekaru yana koyar da 'yan mata marayu goge. Kiɗansa na yanayi huɗu na shekara, da aka wallafa a 1725, yana shiga kunne nan take: za ka ji kukan tsuntsaye, ka ji hadari ya taso, duk da goge kawai.

Daɗin yana cikin ba-ni-in-ba-ka. Makaɗi ɗaya ko 'yan kaɗan su ja, sauran su karɓa, kamar zabiya da 'yan amshi. A ƙasa kuma, wato ɓangaren sauti mai kauri, babban goge da hafsikod, kakan fiyano, suna riƙe da tushe ba sa saki. Kasa kunne a nan sosai. Mai hafsikod ba a rubuta masa komai da komai ba, layin ƙasa ne da 'yan lambobi, sauran shi zai cike da basirarsa. Shi ya sa makaɗa suke ƙaunar wannan salo: rukuni ne ƙarami, sau da yawa babu madugu mai sanda, kowa na sauraron numfashin ɗan'uwansa.

In kunnenka ya saba, koma kan kiɗe-kiɗen Brandenburg guda 6 na Bach, gwanin tsara kiɗa ɗan Jamus, na 1721. Nemi waɗanda aka kaɗa da tsirkiyar hanjin tumaki, sautinsu ya fi taushi.