Idan Kalma Ta Maƙale Wa Majinyaci

Ka tambaye ni, ɗana, idan ka nuna wa dattijo mai shanyewar ɓarin jiki da kake kula da shi buta, ya buɗe baki ya kasa faɗin sunanta har gumi ya keto masa, shin ka faɗa masa sunan ya huta ne, ko ka jira? Ka jira, amma ba ka naɗe hannu kana kallonsa ba.

Mutumin nan hankalinsa kalau, kuma bai mance buta ba. Miƙa masa ita, za ka ga ya karkata ta yadda mai alwala ke yi. Shanyewar ɓarin jikin da ta kama masa dama, a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ta yi ɓarna, kuma a nan magana take ga yawancin mutane. A 1861 likitan Faransa Paul Broca ya duba ƙwaƙwalwar wani majinyaci da ba ya iya furta komai sai "tan", ya tarar da lahanin a gaban ɓangaren hagu. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu shanyewar ɓarin jiki suna samun wannan larura ta afasiya, wato matsalar magana da lahanin ƙwaƙwalwa ke jawowa, kuma rasa kalma shi ne kukan kusan dukkansu. Hatsi yana nan cikin rumbu, tsani ne ya karye. In kullum kai kake ɗebo masa, yaushe zai sake hawa da kansa?

Saboda haka taimako hawa-hawa ne, kuma da ƙarami ake farawa. Ka ƙirga goma a zuciyarka tukuna. In bai samu ba, ka zagaya da shi ta ma'ana: "Baba, me ake yi da ita? Ina ake ajiye ta? Ta roba ce ko ta ƙarfe?" Wannan hanya ta zagaye abu da siffofinsa masana gyaran magana Boyle da Coelho sun bayyana ta a 1995, kuma ni na fi son ta, domin majinyaci yana iya koyon yi wa kansa tambayoyin ko ba ka nan. In ta ƙi, ka fara masa jimla ka bar ƙarshenta: "Zan yi alwala, miƙo mini..." In har yanzu shiru, ka ba shi gaɓar farko, "bu", da tsawonta da karin sautinta daidai, kada ka rikita shi. Mai karatun boko ko ajami, rubuta masa harafin farko. Sai duk waɗannan sun gaza za ka faɗi kalmar ya maimaita, ku yi wani abu, sannan ku dawo mata. Rubuta matakin da ya samo ta a kai. Wanda jiya sai da ka ba shi gaɓa, yau kuwa tambaya ɗaya ta ishe shi, ya ci gaba, ko iyalinsa ba su lura ba.

Ka kuma saurari irin kuskurensa. In ya ce "kofi" a madadin buta, matsalar ta wajen ma'ana ce. In ya ce "duta", ya san inda ya dosa, sautin ne ya sauka ba daidai ba. Aikin da za ka yi da su ba ɗaya ba ne.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne zaɓen kalmomi. Waɗanda aka yi atisaye a kansu su ne suka fi dawowa, sauran ba lalle su biyo baya ba. To me zai sa ka ɓata masa wata guda a kan katunan hotunan da aka bugo a Turai, masu dusar ƙanƙara da abincin da bai taɓa gani ba? Zauna da uwargida da 'ya'yansa, ku fitar da abin da yake bukata daga asuba zuwa dare: ruwa, magani, bayan gida, tasbaha, rediyo, sunan jikan da ke yi masa aike. Ɗauki hotunansu da wayarka a cikin gidan. Ka tambaya kuma da wane harshe yake hira a gida, domin in Fulatanci ne, kada ka ɗaure shi da Hausa kaɗai.

Iyalin za su ce maka yana karanta Fatiha tsaf, yana amsa sallama, yana jero ranakun mako, don haka taurin kai ne. Ka yi musu bayani cikin ladabi cewa abin da baki ya haddace tun ƙuruciya yakan tsira, ko da kiran sunan abu ya gagara. Ka roƙe su su kashe rediyo lokacin hira, su yi magana ɗaya bayan ɗaya, su daina ƙarasa masa zance, kuma kada kowa ya yi masa magana kamar ƙaramin yaro. Idan ya nuna abu da hannu ko ya zana, a karɓa. Atisaye kaɗan-kaɗan kowace rana ya fi dogon zama sau ɗaya a mako, kuma da ka ga ya gaji, ku tsaya. In ka lura ya daina cin abinci, yana yawan kuka, ko yana ƙin fitowa cikin mutane, ka sanar da likitansa ran nan, domin ciwon damuwa yana yawan biyo bayan wannan larura, kuma yana hana atisaye tasiri.