Tazargade ya sauke wa yarona zazzaɓi, in bar maganin asibiti?

Tambaya: Salam likita. Yarona ɗan shekara 4 ne, gwaji ya nuna maleriya, na dafa mishi tazargade ya sha kwana biyu jikin ya yi sanyi. Maƙociyata tace ai daga ganyen ake yin maganin asibitin, ba sai na siya ba. Ni dai hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Wa'alaikumussalam. Malama gara da hankalinki bai kwanta ba, yau ɗin nan ki fara ba shi maganin da aka rubuta mishi.

Rabin gaskiya maƙociyarki ta faɗa. Eh, daga Artemisia annua, ganye dangin tazargade, ake samun atimisinin, sinadarin da ke cikin maganin asibitin, mutanen Sin sun daɗe suna jiƙa ganyen saboda zazzaɓi, masaniyar kimiyya 'yar ƙasar, Tu Youyou, da tawagarta suka ciro sinadarin a 1972, ta samu kyautar Nobel a 2015.

Amma wallahi maganar nan ta "ai duk ɗaya ne" ta ishe ni, kullum sai na ji ta, kuma masu tallan ganyen a soshiyal midiya ba sa faɗin sauran. Atimisinin ba ya narkewa sosai a ruwa, tafasawa tana rage ƙarfinsa, yawansa a ganye kuma ya danganta da iri da lokacin girbi da yadda aka adana, wani dangin ganyen ma kusan babu shi a ciki sai ƙamshi da ɗaci. To ta ina za ki san adadin da yaro ya sha? Sannan cikin 'yan awanni yake barin jini, shi ya sa a ACT, wato haɗin maganin maleriya na asibiti, ake haɗa shi da wani maganin irin su lumefantirin da ke kwanaki yana share ragowar ƙwayoyin cutar. Ruwan ganye sai ya kashe kaɗan, zazzaɓi ya lafa, kowa ya saki jiki, ragowar suna ta hayayyafa, bayan sati ɗaya ko biyu a kawo mana yaro tafin hannunsa fari fat, ido ya kafe yana jijjiga. Kuma irin wannan shan rabi-rabi ne ke koya wa cutar bijire wa magani, an gani a Kambodiya, yanzu alamunsa sun bayyana a Ruwanda da Yuganda. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta jaddada cewa ba ta yarda a yi maganin maleriya da ganyen ko shayinsa ba.

In mai lumefantirin aka rubuta mishi, ki ba shi sau biyu a rana kwana uku cif, gwargwadon nauyinsa, da madara ko abinci mai maiƙo. In yana amai da komai, ko ya ƙi shan ruwa, ko barci ya yi mishi yawa, asibiti kai tsaye ko da tsakar dare ne.