Samfuri ɗaya, GPU ɗaya, amma sauri ya bambanta: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina auna saurin horar da wani samfurin koyon na'ura a kan Ubuntu (wani nau'in tsarin aiki na Linux) da katin GPU na kamfanin NVIDIA, wato katin da ke yin lissafi mai nauyi cikin sauri. Watan jiya na samu wani sakamako, yau kuma gwajin ya yi nauyi, alhali ban taɓa lambar shirin ba. Shin in riƙa sabunta direba da manhajoji kullum, ko in bar su yadda suke?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sabuntawa tana da amfani, amma a yi ta tsakanin zagayen gwaji biyu, kada a yi ta ana tsaka da gwaji.

Abu huɗu ne ke aiki a ƙarƙashin shirinka: direban NVIDIA (manhajar da ke haɗa kwamfuta da katin), CUDA (dandalin NVIDIA na yin lissafi a kan katin), cuDNN (tarin lissafin koyon na'ura da aka gina a kan CUDA) da PyTorch (manhajar da ake rubuta samfurin da ita). Umarnin nvidia-smi yana nuna sigar direba, amma lambar CUDA da ke samansa ita ce mafi girman siga da direban zai iya ɗauka, ba wadda shirinka ke amfani da ita ba. Wannan na ruɗa mutane da yawa. PyTorch da aka girka ta pip, wato manhajar girka kunshin Python, yakan zo da nasa CUDA, don haka ka duba torch.version.cuda. Kafin kowane gwaji ka gudanar da python -m torch.utils.collect_env, ka ajiye abin da ya fito kusa da sakamakon.

Ga yadda siga kan canza lissafi. Daga PyTorch 1.7 zuwa 1.11, ninka matrik (jadawalin lambobi) a katunan NVIDIA na jerin Ampere irin su A100 yana bin tsarin TF32 kai tsaye, wato tsarin lissafi mai sauri amma mai ƙarancin daidaito. A siga ta 1.12, wadda ta fito a 2022, an kashe hakan. Wanda ya sabunta bai sani ba sai ya ga aiki ya yi jinkiri sosai, alhali katinsa ƙalau yake. Ka saita torch.backends.cuda.matmul.allow_tf32 da hannunka, ka kuma rubuta abin da ka zaɓa.

Ubuntu kuma tana iya sabunta direba da kanta ta hanyar unattended-upgrades. Idan nvidia-smi ya ce "Driver/library version mismatch", tsohon direba ne ke zaune a cikin kanel (zuciyar tsarin aikin kwamfuta), sabbin fayiloli kuma suna kan faifai. Sake kunna kwamfutar yakan warware shi. Domin kada ya maimaitu, ka daskare kunshin direban da apt-mark hold har sai gwaji ya ƙare. Docker, manhajar da ke killace shiri da kayan aikinsa a cikin "kwantena", yana taimakawa wajen riƙe CUDA da PyTorch a siga ɗaya, sai dai direban na kwamfutar ne ba na kwantena ba. CUDA 12 kuma yana buƙatar direba 525 ko sama a Linux.

Kafin ka ɗora wa manhaja laifi, duba zafi. Kati idan ya ɗau zafi yakan rage gudunsa, kuma nvidia-smi -q -d PERFORMANCE zai nuna maka dalilin. Ka ƙayyade gudun da nvidia-smi -lgc, ka zubar da zagaye goma na farko, ka kira torch.cuda.synchronize() kafin ka tsayar da agogo, tunda GPU na ci gaba da aiki bayan Python ta wuce gaba.

Ranar da za ka sabunta, ka canza abu ɗaya tak, ka maimaita tsohon gwajin sau biyar, ka kwatanta da tsoffin lambobin kafin ka taɓa na biyu.