Tambayi Likita: Yaro mai lalurar ƙwaƙwalwa da yawan amai, yaushe ake kaiwa ga tiyata?

Wata uwa daga Zariya ta rubuto: Likita, ɗana shekararsa 4. Tun shawarar da ta kama shi yana jariri ya samu lalurar ƙwaƙwalwa, ba ya zama, wuyansa bai tsaya ba. Duk abin da na ba shi sai ya dawo da shi, da daddare kuma ya yi ta banƙarewa yana kuka. Sau uku ana kwantar da mu saboda ciwon huhu. Yanzu an ce wataƙila sai an yi masa aiki. Me ya haɗa amai da tiyata?

Sannu baiwar Allah, Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya saka miki. A ƙarshen hanyar abinci, daidai inda take shiga tumbi, akwai wata tsoka da ke tsukewa kamar zariyar wando. Abinci na wucewa sai ta rufe. A yara irin naki tsokar kan saki ba a lokacinta ba, tumbin kuma yana jinkirin tura abinci zuwa hanji. Ga sandarewar jiki da farfaɗiya suna matsa ciki, ga yawan kwanciya, ga bushewar bayan gida. Sai abinci da ruwan tsamin tumbi su hauro sama. Babba zai ce ƙwannafi ke damunsa. Shi ɗanki ba bakin faɗa, wannan banƙarewar da kukan dare su ne maganarsa. Idan abin da ya hauro ya zarce huhu, shi ne ciwon da ke mayar da ku gadon asibiti.

Aikin da aka ambata miki ana kiransa da sunan Rudolph Nissen, likitan fiɗa Bajamushe da ya fara yin sa a 1955 a birnin Basel na Suwizalan. Ana ɗaukar saman tumbi a naɗe shi kewaye da ƙarshen hanyar abinci, a ɗinke. Idan tumbi ya cika sai naɗin ya matse ƙofar, abinci ya rasa hanyar komowa. Tun daga 1991 ana yin sa ta 'yan ƙananan huji da kyamara, ba lallai sai an tsaga ciki ba.

Amma ni ba na tura yaro wurin masu fiɗa sai na tabbata an gwada na ƙasa da haka, kuma an gwada da gaske. A zaunar da shi a jingine, kansa a tsaye, lokacin cin abinci da rabin awa bayansa. A ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa, kunun ya yi kauri. A gyara maganin farfaɗiya, a magance bushewar ciki. A ba shi maganin ƙwannafi na omeprazole na wata ɗaya zuwa biyu a ga yadda zai yi. Ki sani maganin yana kashe kaifin tsamin ne kawai, ba ya hana abinci haurowa. Idan duk an yi wannan yaro bai daina ramewa ba, ko yana aman jini, ko huhu na ta kamuwa, to lokacin maganar tiyata ya yi. Kwanciya uku ba wasa ba ne, ki je likitan fiɗar yara ya duba shi a asibitin koyarwa na Shika, tunda kusa kuke.

Wata kaka daga Maraɗi ta ce: Jikata ba ta iya haɗiya sosai, ko ruwa ta sha sai ta ƙware. Ɗura muke yi mata don kada yunwa ta kashe ta. Wannan aikin zai raba ta da tari da ciwon ƙirji?

Hajiya, na san ƙauna ce ta sa kuke ɗurar, amma ina roƙonki don Allah a daina daga yau. Yarinyar da maƙogwaronta bai iya rufe hanyar iska da kyau, idan aka kwantar da ita a cinya aka toshe hanci aka kwarara koko, wani sashensa huhu yake tafiya. Wani lokaci ko tari ba za ta yi ba, sai bayan kwana biyu a ga zazzaɓi da numfashi sama-sama.

Abu kan shiga huhu ta hanya biyu: ko ya hauro daga tumbi, ko ya kauce tun daga baki wajen haɗiya. Aikin Nissen hanyar ƙasa kaɗai yake tsarewa. Idan matsalar jikarki ta haɗiya ce, ko an yi aikin, yawunta da ruwan da take sha za su ci gaba da sauka huhu. Shi ya sa ake fara ba yaro wani farin ruwa ya sha ana ɗaukar hoto, a ga ta ina abin yake kaucewa.

Abin da ya fi yi mata amfani, bisa ga bayaninki, wataƙila ɗan bututun da ake sakawa ta fatar ciki kai tsaye zuwa tumbi ne. Iyaye kan tsorata da jin sunansa, amma uwar da take shafe awa biyu a kan kofi ɗaya na kunu ita ta san irin hutun da yake kawowa. Ba duk wanda aka sa wa bututu ne ke buƙatar naɗin tumbi ba. Akwai kuma bututun da ake zarcewa da shi har cikin hanji, ga yaron da jikinsa ba zai ɗauki babban aiki ba.

Wani mahaifi daga Kano ya tambaya: An yi wa 'yata aikin wata biyu da suka wuce. Amai ya tsaya, amma yanzu tana ta kakari ba abin da ke fitowa, cikinta na kumbura, wani lokaci ta jiƙe da gumi bayan an ba ta abinci. Aikin ya lalace ne?

Malam, ba lallai ba ne. Ƙofar da ta hana amai ita ce ta hana gyatsa, sai iska ta taru. Idan tana da bututu, a riƙa buɗe shi kafin abinci da bayansa iskar ta fita. Gumin da laushin jiki kuwa yawanci abinci ne ke faɗawa hanji da sauri, musamman mai zaƙi. A rage yawansa, a rage sukari, a ba shi a hankali, kuma ka gaya wa likitanta domin a auna sukarin jininta. Kakarin a kula da shi, don yawan yunƙuri na iya sassauta ɗinkin, kuma dawowar matsalar bayan aiki ta fi yawa a yara masu lalurar ƙwaƙwalwa fiye da sauran yara. Idan ciki ya kumbura farat ɗaya ya yi tauri, ko ka ga koren ruwa a baki ko a bututu, ko da tsakar dare ne ku tafi asibiti.

Wata mai karatu ta tambayi ko za ta iya jiƙa wa yaronta kanwa, ko ta sayi maganin ƙwannafi na ranitidine a kemis.

Kada ki ba shi ko ɗaya. Kanwa gishirinta ya fi ƙarfin ƙodar ƙaramin yaro, balle wanda ya rame. Ranitidine kuma an janye shi daga kasuwa a Amurka da Turai a 2020 saboda wani gurɓataccen sinadari da aka gano a cikinsa. Ki kai shi a auna nauyinsa, domin da nauyi ake lissafa maganin yara.