An dakatar da ɗana saboda ya tsokani ɗan Asiya: wannan ma wariyar launin fata ce?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune da iyalina a unguwar Bronx ta birnin New York. An dakatar da ɗana mai shekara 13 daga makaranta na kwana biyu, saboda a ranar da suke bikin watan al'adun 'yan Asiya ya ja gefen idanunsa, ya ce wa wani ɗan ajinsu ɗan asalin ƙasar Sin, "Ku ne kuka kawo mana korona." A takardar da suka aiko sun rubuta cewa wariyar launin fata ce. Tun ranar ban samu barcin kirki ba, domin ina tsoron abin ya ɓata masa suna a karatunsa. 'Yan'uwa a zaurenmu na WhatsApp suna cewa in je in tayar da rigima, wai 'yan Asiya masu kuɗi ne, kusan Turawa ne, ba a nuna musu wariya, kuma ai su ne suka kori mutanenmu daga gidaje a birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Me ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, domin dakatarwar kwana biyu a wannan shekarun ba ta rushe makomar yaro, matuƙar ba a sake maimaita laifin ba. A jihar New York iyaye suna da haƙƙin ganawa da shugaban makaranta kan gajeriyar dakatarwa irin wannan, saboda haka ki nemi ganawar a rubuce, ki buƙaci a ba ki bayanin abin da ya faru, ki kuma tambaya a ina ake ajiye rahoton da tsawon lokacin da zai zauna. Idan Turanci yana ba ki wahala, ki nemi tafinta, haƙƙinki ne. Amma kada ki shiga ofishin da shawarar mutanen zaurenku a bakinki. Abin da ɗanki ya yi izgili ne ga halittar mutum da asalinsa, kuma makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya wajibi ne ta ɗauki mataki a ƙarƙashin dokar haƙƙin ɗan ƙasa ta 1964, wadda ita ce dai take kare ɗanki ranar da wani zai zagi launin fatarsa ko asalinsa.

Abin da ya fi damuna a cikin tambayarki shi ne maganar cewa 'yan Asiya masu kuɗi ne, don haka wariya ba ta taɓa su. Kusan kullum sai na ji wannan magana daga bakin iyaye, har da masu ilimi a cikinsu, kuma ita ce take ba yara lasisin cin mutunci, domin yaro ba ya ƙirƙiro irin wannan tunani da kansa, a falo yake tsintarsa yayin da manya ke hira. Masu yaɗa ta ba su san tarihin ƙasar da suke zaune a ciki ba, kuma ba su damu su sani ba.

A 1882 majalisar dokokin Amurka ta kafa dokar hana ma'aikata Sinawa shigowa ƙasar, ta kuma haramta wa waɗanda ke ciki samun takardar zama 'yan ƙasa, ba a soke ta ba sai a 1943. Wannan ya zo ne bayan dubban Sinawa sun fasa duwatsun Sierra Nevada da hannu da nakiya wajen shimfiɗa layin dogon da ya haɗa gabashin ƙasar da yammacinta, wanda aka kammala a ranar 10 ga Mayu, 1869. Da aikin ya ƙare sai aka ce sun zo ƙwace abincin Turawa. A 1871 wasu gungun mutane sun kashe Sinawa kusan 18 a Los Angeles, yawancinsu ta hanyar rataya, a 1885 kuma aka kashe ma'aikatan haƙar kwal Sinawa 28 a Rock Springs ta jihar Wyoming, aka ƙone unguwarsu. A watan Fabrairun 1942 shugaba Roosevelt ya sa hannu kan umarnin da ya kai ga kwashe mutane kusan 120,000 'yan asalin Japan zuwa sansanoni masu shingen waya, alhali kusan kashi biyu cikin uku nasu haifaffun Amurka ne. Sai a 1988 gwamnati ta nemi gafara, ta kuma amince ta biya kowane mai rai a cikinsu dala 20,000.

Idan wani ya ce wannan tsohon labari ne, ki ba shi labarin Vincent Chin. Saurayi ne ɗan shekara 27, ɗan asalin Sin, ana saura kwanaki a ɗaura masa aure a watan Yunin 1982, sai wasu Turawa biyu masu alaƙa da masana'antar motoci a yankin Detroit suka bi shi suka farfasa masa kai da sandan buga ƙwallo, a lokacin da ake zargin motocin Japan da jawo korar ma'aikata. Bai ma fito daga Japan ba, fuskarsa kawai suka duba. Alƙali ya yanke musu ɗaurin talala na shekara 3 da tarar dala 3,000 kowannensu. Haka kuma a ranar 16 ga Maris, 2021, wani mutum ya harbe mutane 8 a wuraren tausa a yankin Atlanta, 6 daga cikinsu mata ne 'yan asalin Asiya. Ƙungiyar Stop AAPI Hate, wadda aka kafa a watan Maris na 2020, ta karɓi rahotannin cin zarafi kusan 3,800 a shekararta ta farko, daga zagi da tofa miyau har zuwa hankaɗe tsofaffi a kan titi. Kalmar da ɗanki ya furta ita ce dai kalmar da ake furtawa a da yawa daga cikin irin waɗannan hare-hare, shi ya sa makarantar ba ta ɗauke ta a matsayin wasan yara ba.

To ina aka samo zancen kuɗin? A 1965 aka sauya dokar shige da fice, aka buɗe ƙofa ga masu sana'o'in ƙwarewa da dangin waɗanda ke ciki, sai likitoci da injiniyoyi daga Indiya da Koriya da Filifin suka shigo da takardun digirinsu a hannu. Tace su aka yi tun daga ofishin biza, kamar yadda aka tace 'yan Najeriya da yawa da ake yaba wa ilminsu a Amurka a yau. Tun daga shekarun 1960 wasu marubuta suka fara gabatar da 'yan Asiya a matsayin tsirarun da ya kamata a yi koyi da su, kuma manufar wannan yabo a fili take: a ce wa baƙaƙen fatar Amurka masu neman haƙƙinsu, ga wasu can sun ci gaba ba tare da ƙorafi ba. Duk wanda yake maimaita wannan magana a cikinmu yana riƙe ne da makamin da aka ƙera domin a doki baƙar fata. Sannan yabon ya rufe talakawan da ke ƙarƙashinsa. Binciken cibiyar Pew na 2018 ya nuna cewa babu wata al'umma a Amurka da giɓin samun kuɗi ya kai na 'yan Asiya, inda na sama suke samun fiye da ninki 10 na abin da na ƙasa suke samu. A cikinsu akwai 'yan gudun hijirar Kambodiya da Laos da 'yan ƙabilar Hmong da suka zo bayan 1975 ba su da komai. Ke kanki kina ganin tsofaffin mata Sinawa suna tura amalanke cike da gwangwanaye da kwalabe da suka tsinto daga shara a titunan New York, kina kuma ganin direbobin tasi da masu kai abinci a kan keke 'yan Bangladesh, waɗanda maigidanki yake haɗa sahu da su ranar Juma'a. Su ma 'yan Asiya ne. Ko da kuwa mahaifin yaron da aka tsokana attajiri ne, kuɗin uba ba ya hana ɗa jin zafin dariyar da aka yi wa idanunsa a gaban aji.

Batun Guangzhou gaskiya ne, kuma ba zan sassauta shi ba. A watan Afrilun 2020 an fitar da 'yan Afirka daga gidajen haya da otal-otal a birnin, an tilasta musu gwaji da killacewa, wasu sun kwana a kan titi, har kakakin majalisar wakilan Najeriya na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya gayyaci jakadan Sin ya nuna masa ɓacin ran ƙasar. Zalunci ne, kuma akwai 'yan Asiya a Amurka ma da suke raina baƙar fata, kamar yadda duk wanda aka bi shi da ido a cikin shago ya sani. Amma ki dubi hujjar da aka kafa a Guangzhou: an ce baƙi ne suke ɗauke da cutar. Ita ce hujjar da ɗanki ya kafa wa yaron da wataƙila a asibitin Bronx aka haife shi. A watan Oktoban 2014, a cikin wannan unguwa taku, an lakaɗa wa wasu yara biyu 'yan'uwan juna 'yan asalin Senegal duka a makaranta ana kiran su "Ebola", kuma iyaye 'yan Afirka sun fito sun yi kuka a gaban 'yan jarida. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Saboda irin wannan ɓarna ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a 2015 cewa a daina laƙaba wa sababbin cututtuka sunan wuri ko al'umma. Addininmu ma ya riga ya yanke hukunci a Suratul Hujurat, inda aka hana wasu mutane yi wa wasu izgili da jifan juna da miyagun laƙabai, aka kuma ce an sanya mu dangogi da ƙabilu ne domin mu san juna. Ina mamakin mai aika saƙon ƙiyayya a zaure da safe, ya aika wa'azi da yamma, bai ga karo a tsakaninsu ba.

Makarantun ma suna da nasu laifin. An ware watan Mayu domin bikin al'adun 'yan Asiya ne tun daga ƙudurin majalisar dokokin Amurka na 1978, wanda ya fara da mako guda, aka tabbatar da shi a matsayin wata cikakke a 1992, an kuma zaɓi Mayu saboda zuwan ɗan Japan na farko a 1843 da kammala layin dogon nan. Amma makarantu da yawa sun mayar da shi ranar cin shinkafa da liƙa fitilun takarda a bango, ba a gaya wa yara komai game da 1882 ko 1942, sannan idan yaro ya yi kuskure a cika takarda a kore shi gida, a ɗauka an gama aiki. Ki gaya wa shugaban makarantar cewa kin karɓi hukuncin, amma kina so a haɗa yaran biyu a gaban mai ba ɗalibai shawara, idan iyayen wancan sun amince, domin ɗanki ya ba da haƙuri da bakinsa.

A gida kuma kada ki dake shi, kada kuma ki kare shi. Ki zaunar da shi tare da mahaifinsa, ki tambaye shi inda ya ji maganar, ki shirya jin amsar ko da ta nuna wani babba a cikin dangi. Ki ba shi labarin Wong Kim Ark, ɗan Sinawa haifaffen San Francisco, wanda ya kai ƙara har kotun ƙoli ta yanke a 1898 cewa haihuwarsa a ƙasar ta sa shi ɗan ƙasa, hukuncin da 'ya'yan baƙi irin ɗanki suka daɗe suna cin gajiyarsa. Ki gaya masa labarin Yuri Kochiyama, wadda ta zauna a sansanin tsare 'yan Japan, wadda kuma ta tallabe kan Malcolm X, ɗan gwagwarmayar haƙƙin baƙaƙen fata, lokacin da aka harbe shi a Manhattan a watan Fabrairun 1965. Daga nan ki sa shi ya rubuta takardar ban haƙurin da hannunsa, ya faɗi ainihin abin da ya yi ba tare da cewa wasa yake yi ba, ki karanta ta kafin ya kai.